Kofin Turaren Falta

A daminar da ruwa ya cinye gadar Gidan Maje, mutanen ƙetaren dam suka rasa hanyar zuwa Ɗanbatta sai ta kan ruwa. Muntaka, wani manomin albasa mai injin ban ruwa har uku, ya ga dama ta samu. Ya sayar da bijimai biyu, ya sayo tsohon jirgin katako da injinsa daga Yawuri. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Amma wanda ya iya babur ya iya injin ban ruwa, gani yake babu ƙarfen da zai gagare shi, kuma mai bijimai ba ya rasa masu ce masa haka ne.

Mutum ɗaya ne a garin ya san jirgi, shi ne Baba Gana. Babarbare ne daga Doron Baga. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan jirage a bakin tafkin Chadi kafin fitina ta tashe su. Ya iso Gidan Maje da matarsa Falta, ba su da komai sai kayan jikinsu da ƙunshi ɗaya. Mahaifin Muntaka ne ya ba su ɗaki da 'yar gona. Da tsufansa Gana ya koyi noman gero da gyaɗa, bai kuma taɓa iyawa sosai ba, kunyoyinsa kullum a karkace suke. Falta ta rasu a ranin da ya wuce.

Ranar da aka tura jirgin cikin ruwa, Gana ya zo bakin dam ya tsaya, hannu a baya. Bai kalli sabon fentin ba. Idonsa ya tafi kan wani gwangwani da aka ɗaure a jikin katako tsakanin tankin mai da inji. A ƙasan gwangwanin akwai wani kofi garai-garai, ana hango fetur a cikinsa.

"To, bawana," in ji Muntaka, don shi Bafillace ne, kuma tsakanin Fulani da Barebari ba a gaisuwa sai da tsokana. "Ka zo ganin jirgin ubangidanka?"

"Na zo in ga yadda Bafillace zai kaɗa ruwa da sanda," Gana ya ce. Ya durƙusa ya ɗora yatsa a kan gwangwanin. "Zo nan. Wannan filta ce. Fetur yana bi ta cikinta kafin ya kai inji. Datti ya tsaya a gwangwanin sama, ruwa kuma da yake ya fi fetur nauyi, sai ya sauka ya kwanta a kofin nan. Kullum da safe, kafin ka ja igiya, ka durƙusa ka duba. In ka ga ruwa, ka murɗa ɗan notin nan na ƙasa ya tsiyaye. Gwangwanin kuma bayan wata uku ka sake sabo."

"Ruwa a cikin fetur? Ni da nake saye wajen mutumin kirki?"

"Ko wajen liman ka saya. Jarka tana gumi, tanki yana gumi, damina ce."

Muntaka ya bi maganar kwana goma. Kullum sai ya tarar da ruwa a kofin, yau yatsa ɗaya, gobe yatsa biyu. Bai waiwayi jarkokin 'yan bumburutun da yake saye wajensu ba, waɗanda ke wuni a bakin titi ruwan sama na dukansu, an ɗaure bakinsu da leda. Kofin ya zuba wa ido. Ya ce a ransa, shekara bakwai yana da injin ban ruwa, babu kofi, bai taɓa ganin ruwa a mansa ba. Yanzu ga kofi ga ruwa. Ashe kofin ne ke tsotso ruwan dam. Haka ɗan Adam yake tun fil'azal, wanda ya nuna masa aibinsa shi yake kamawa da kokawa, aibin kuma ya bar shi a zaune.

Ya ɗauko sifana ya danƙara wa kofin. Kofin ya tsage. Ya cire shi da gwangwanin duka ya wurga cikin dam, ya haɗa tiyo kai tsaye daga tanki zuwa inji. Da yake tsohon gwangwanin dama ya toshe da datti, sai injin ya sami numfashi, jirgi ya ƙara gudu.

"Bawana, na cire tsafin nan naku na Barebari," ya gaya wa Gana a bakin masallaci. "Ka ga gudu kuwa?"

Gana bai yi dariya ba. Ya ce, "Muntaka, babur in ya mutu sai ka sauka ka tura. Jirgi in ya mutu, ina za ka sauka?"

A rana ta huɗu da cire kofin, bayan azahar, jirgi ya taso daga ƙetare da mutum goma sha bakwai. Hadari ya haɗo daga gabas. Gana yana gonarsa da ke gangaren dam, ya ji injin ya yi tari sau biyu. Ya saki fartanya tun kafin tari na uku, don ya san wannan tarin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Injin ya yi shiru a tsakiyar ruwa. Iska ta juya jirgin ya ba ta haƙarƙari, igiyar ruwa ta fara faɗawa ciki. Daga nesa ana jin salatin mata. Masunta uku ne suka bi su da kwalekwale suka jawo su, bayan an zubar da buhun masara biyu don jirgin ya yi sauƙi. Ba a rasa rai ba, amma ba dabarar kowa ce ta hana ba.

Da safe Gana ya kwance kafireto, inda mai yake shiga inji, a gaban Muntaka, ya juye abin da ke ciki a tafin hannunsa. Fetur ya bushe nan take, ruwa ya tsaya yana ƙyalli. Ya miƙa masa hannun ya gani. Ranar nan Muntaka bai ce bawana ba.

Aka tura Usaini, ƙanen Muntaka, Kano. Ya wuni yana zagaye wajen masu kayan inji. Washegari da safe ya dawo da sabon gwangwani da zoben robarsa, amma kofi babu. Masu shaguna suka ce nan ba garin jirage ba ne, sai an aiko daga Legas, sati uku in an yi sauri.

"Sati uku ba zai yiwu ba, Baba Gana," in ji Muntaka. "Jibi kasuwa. Kuma akwai mata biyu a ƙetare da watansu ya kama, asibiti yana wannan gefen. Zan riƙa tace man da ɗankwali."

"Ɗankwali? Ka taɓa ganin matarka ta fita cikin ruwan sama ta dawo kanta a bushe?"

"To me zan yi? In bar su can?"

Gana ya dube shi ya ga da gaske yake. Da kofi ko babu kofi, jibi jirgin nan zai tashi, kuma mutane za su shiga, don ba su da wata hanya. Ya karɓi gwangwanin ya juya shi, ya shafa zaren bakinsa da babban yatsa. Irin wanda jiragen Baga suke sawa ne, babu bambanci. Ya mayar masa ya tafi gida, bai yi sallama ba.

A ɗakin Gana, can ƙarƙashin gado cikin wata tsohuwar kwalla, akwai kofi. Sabo ne, fetur bai taɓa shigarsa ba. Shekara ashirin da biyar da suka wuce ya saye shi a Maiduguri don ajiya, ko na wani jirgi zai fashe. Falta ta gan shi a kan taga, ta ɗaga shi a rana, ta ce wannan ya fi ƙarfin fetur. Ta cika shi da turaren wutar da take haɗawa da hannunta, ta sa baduku ya ɗinka masa murfin fata. Tun daga ranar duk lokacin da ya ce ta ba shi kofinsa, sai ta ce, "Sai ranar da ka daina warin fetur, Malam."

Bai daina ba kuwa. A Doro kullum da yamma yana dawowa daga bakin ruwa, inda jirage suke jere kamar shanu a mashaya, ga hayaƙin banda ya rufe gari, ga fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru kowa da yarensa. Da ya iso ƙofar ɗaki sai muryarta ta tare shi: "Tsaya nan. Kada ka shigo min da tafkin nan ɗaki." Sai ya tuɓe rigar ya rataye a jikin zana, ta kawo garwashi a kasko, ta ɗebi turare daga kofin ta zuba. Ranar da aka tashe su, mutane suna ɗaukar kuɗi da takardu, ita kofin ta sa a ƙunshinta. Har suka kai Maiduguri yana yi mata faɗa a kai.

Turaren ya ƙare tuni. Ragowar ƙarshe ya ƙona ta ranar sadakar arba'in ɗinta. Abin da ya rage shi ne ƙamshin da ya kama jikin kofin. Gana ba ya buɗe murfin sai ranar Juma'a, in ya dawo daga masallaci, ya shaƙa sau ɗaya ya rufe da sauri kada ya fita. Ba shi da hotonta. Zannuwanta an raba wa mata. Wannan kaɗai ke nan.

Kuma ya fi kowa sanin ba a ɗaura kofi mai maiƙon turare a hanyar mai. Dole a wanke shi da fetur, wanki na gaske, har sai yatsa ya yi ƙara a jikinsa.

Ya zauna a bakin gado da kofin a cinyarsa har inuwar ɗaki ta juya. Ya nemi hujja ya samu da yawa. Ba shi ya fasa na farko ba. Ya yi gargaɗi, an yi masa dariya. Babu wanda ya san da kofin nan, babu wanda zai zarge shi. Duk gaskiya ne. Amma gaskiyar da mutum yake tarawa don ya kauce wa abin da ya wajaba a kansa, ita ce ƙarya mafi tsada. Ya tuna salatin matan nan a kan ruwa. Ya tuna Falta da kanta ta taɓa zama a cikin jirgin da ya mutu tsakanin Doro da wani tsibiri, tun tana amarya, ta kwana uku ba ta iya cin abinci ba.

Bayan la'asar ya buɗe murfin, ba ranar Juma'a ba. Ya kafa hancinsa ya daɗe. Sannan ya tashi ya nufi bakin dam.

Muntaka ya ga kofin ya zaro ido. "Baba Gana, a ina ka samo?"

"Zubo min fetur a kwano."

Da fetur ya taɓa kofin, ƙamshin ya tashi gaba ɗaya, har Muntaka ya waiga yana neman matar da ta wuce. Sai ya dubi murfin fatar da ke ƙasa, ya dubi fuskar tsohon, ya gane. Shekara goma ya yi yana jin ƙamshin nan a tsakar gidan mahaifinsa.

"Bari, Baba. Wallahi bari. Zan jira sati ukun."

"Ba za ka jira ba, na san ka. Riƙe kwanon da kyau."

Sau uku ya wanke shi. Ya goge da tsumma mai tsabta, ya ɗaga shi a rana ya duba ko akwai tsaga. Ya shafa ɗan baƙin mai a zoben roba, ya murɗa kofin a ƙasan gwangwani, ya cika gwangwanin da fetur, ya ɗaura shi a mazauninsa.

"Da hannu ake ɗaurewa, ba da sifana ba. In na sake ganin sifana kusa da kofin nan, a kanka zan gwada ta."

"Na ji, Baba."

"Jarkokinka kuma ka saya musu murfi. Leda ba murfi ba ce."

Ya matsa famfon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri, ya shafa ko'ina ya ji babu yoyo. Ya ja igiya. Injin ya ɗauka a ja na biyu, ya zauna da muryarsa daidai.

Ranar kasuwa Gana ne ya riƙe injin, karo na farko tun barinsu Doro. Sawu shida suka yi. A sawu na huɗu suka ɗauko ɗaya daga cikin matan nan biyu tana naƙuda, iska na kaɗawa, injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Da suka ɗaure jirgi da yamma, ya sa Muntaka ya durƙusa ya duba da kansa. Ruwa yatsa ɗaya ya kwanta a ƙasan kofin, fetur yana samansa. Muntaka ya murɗa notin ya tsiyaye shi cikin gwangwanin madara, ya daɗe yana kallonsa.

"Da yanzu wannan yana cikin inji," ya ce.

"Da yanzu kana cikin dam, Bafillace."

Gana ya sunkuya kamar mai duba noti, ya kai hancinsa kusa da kofin. Fetur kawai.

Ya taka zuwa gida ta cikin gonakin gero, rigarsa duk mai, hannuwansa baƙi. Ya iso ƙofar ɗaki ya ɗaga labule, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya ji warin da ke jikinsa, warin da rabonsa da shi shekara goma. Ɗakin shiru, babu mai cewa tsaya nan.

Ya saki labulen. Ya tuɓe rigar ya rataye a jikin zana, ya wanke hannu, sannan ya shiga.