Sifika Biyu a Kan Kanta

Kafinta mutum ne da in ya ce katako ya karkace, to ya karkace, ko da kai idonka bai gani ba. Tun yana saurayi yake tsakanin zarto da injin gogar katako, har kansa ya yi fari fat, abokai suna tsokanarsa wai garin katako ne ya ƙi wankuwa. Mutum ne mai yarda da kansa, in ya kafe a kan magana sai dai ka haƙura ka ba shi hanya.

Abin da ke cin ransa a 'yan shekarun nan matarsa ce. Mace ce da a da bakinta ba ya hutawa, tun daga ƙofa take tarbarsa da labari, ya ci abinci da labari, ya wanke hannu da labari. Sai ga shi ta koma magana ciki-ciki. Ta faɗi abu, ya ce, "Me kika ce?" Ta maimaita, ya sake tambaya, sai ta ce, "Ba komai, Malam," ta shige kicin. Wallahi da wannan "ba komai" gara ta zage shi. Ga wata sabuwar ɗabi'a kuma, in baƙo ya zo sai ta riƙa maimaita maganarsa: "Au, ranar Laraba ka ce za a kawo katakon?" Har Kafinta ya taɓa ce mata ta zama aku.

'Ya'ya sun watse, kowa ya kama gidansa, daga shi sai ita a ɗaki da falo na haya, bango ɗaya da maƙwabta. Yakan zauna ya yi ta laluben laifin da ya yi mata, ya rasa. Tsoronsa ɗaya ne, kuma bai faɗa wa kowa ba: kada dai matar nan ta gaji da shi, zaman haƙuri kawai take yi.

A da suna da abin da ke haɗa su. Da yamma akwai wasan kwaikwayo a rediyo, sai su zauna su saurara, shi ya goyi bayan mijin cikin wasan, ita ta goyi bayan matar, a yi ta musu har shayi ya huce. To rediyon ma ya bi sahunta, ya koma gunaguni, Kafinta ya ce kayan zamani ne ba su da aminci, ya daina zama. Wata rana yana share shago ya ga ragowar katako mai kyau da ya rage daga wani kabad, dabara ta faɗo masa. Zai ƙera 'yan akwatunan sifika guda biyu, daidai kantar littattafan da ke falo, ya dawo da muryar rediyo gidan. Wataƙila in rediyo ya buɗe baki, ita ma ta buɗe.

Ya yanka, ya haɗa da gam, ya goge har hannu na santsi a kai. Gaban ne kawai bai huda ba, don Dogo mai gyaran rediyo ya gargaɗe shi kada ya huda rami sai ya zaɓi abin da zai zauna a ciki.

Shagon Dogo wani ɗan lungu ne, matattun rediyoyi jibge har rufi, ƙaurin dalma ya kama komai har da rigar mai shagon. Tare suka taso da Kafinta, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Dogo ya juya akwatin a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Aiki ya yi kyau, ba don halinka ba," in ji shi, da ƙarfi kamar yadda ya saba yi masa magana. "Amma wannan ɗan mitsitsin ba zai ɗauki sifika babba da ƙarama ba. A manyan akwatuna ake raba aiki, babba ta yi ƙugi, ƙarama ta yi siririyar murya. Kai guda ɗaya za ka sa a kowane, irin wadda ke ɗaukar duka ita kaɗai, sama da ƙasa. Kuma kada ka sa rai da dukan ƙirji irin na motar samari."

"Ni magana nake son ji, ba ganga ba," in ji Kafinta.

Dogo ya jawo kwali ya fito da guda uku. Ta farko mai ƙaton maganaɗisu a bayanta, ya auna ta da akwatin ya mayar, ya ce wannan tana son ɗaki mai faɗi, in aka matse ta a nan shaƙewa za ta yi. Saura biyu, duka inci huɗu. Ɗaya fuskarta takarda ce, launin toka, ba ta da wani kyan gani. Ɗayar kuwa fuskarta ƙarfe ne mara kauri, tana ta ƙyalli. Ya ɗora ta takardar a bakin wani tsohon akwatin gwaji, ya haɗa waya, ya kamo tashar da wata mata ke karanta labarai.

Kafinta ya karkata kai, ya yamutsa fuska. "Wannan ai kamar ta lulluɓa da bargo take magana. Cire."

Dogo ya sa ta ƙarfen. Nan take fuskar Kafinta ta washe. Kalma na fita ɗaya bayan ɗaya, tas, rabon da ya ji magana haka har ya manta.

"Yauwa! Ga sifika. Ba ni biyu."

"Wannan?" Dogo ya toshe kunne ɗaya da yatsa. "Haba, mutumina. Kaifinta ya yi yawa, kamar ana jan ƙusa a kan kwano. In ka zauna da ita awa ɗaya sai kanka ya yi ciwo. Ta takardar ce mai daɗin zama."

"Kunnenka ne ya mutu, Dogo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin shiiii ɗin rediyo, me ya sani game da daɗin murya?"

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi abokinsa, ya rufe. Ya ɗan jima yana murza wayar da ke hannunsa.

"To ji nan," ya ce. "Ai ba kai kaɗai za ka saurara ba. Girmansu ɗaya, rami ɗaya za su shiga. Ɗauki ɗaya-ɗaya, ka sa wannan a akwati guda, waccan a ɗayan, ka kai gida maiɗakinka ta raba mana gardama. Wadda ta zaɓa ka dawo ka karɓi 'yar'uwarta." Ya haɗa masa da aron 'yar ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, ya ce kada ya dawo da ita da garin katako a ciki.

Washegari Kafinta ya huda ramukan, ya cusa auduga a cikin akwatunan yadda Dogo ya ce, ya ɗaure sifikun da sukurori. Da yamma ta yi ya rungumo su ya shigo gida. Matar tana ninke wanki a falo. Da ta ga abin da ya ajiye a kan kanta, ɗaya a wannan gefen littattafan yara, ɗaya a wancan, sai ta saki rigar da ke hannunta ta zo ta shafa katakon.

"Malam, kai ka yi wannan?"

Wannan kam ya ji ta, don tana dab da shi, fuskarta na kallonsa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce ta ɗora shayi ta zo ta zauna, yau akwai alƙalanci.

Aka fara wasan. Ya haɗa ta ƙarfen ita kaɗai, ya koma kujerarsa yana murmushi, yana jin mijin cikin wasan na rantse-rantsen ƙarya. Ya waiga don ya ga yadda abin ya yi mata. Ta ƙanƙance ido, kafaɗunta sun ɗaga har wuya, tana ta ƙoƙarin riƙe murmushi a fuska.

"Yaya?" ya tambaya.

"Tana da... ƙarfi," ta ce.

Ya tashi ba da son ransa ba ya mayar da wayar kan ta takardar. A wurinsa bargon nan ya dawo, rabin magana ya nutse. Ita kuwa sai ta sauke kafaɗa, ta jingina, can ta fashe da dariya irin wadda ya yi shekaru bai gani ba, ta juyo gare shi da murya sama don daɗi ya kwashe ta.

"Kai, Malam! Har tsuntsayen da ke bayansu ake ji! Ji awarwaron matar nan, tana magana tana kaɗa hannu!"

"Wane tsuntsu?"

Dariyar ta tsaya. Ya matsa kusa da kantar, ya kara kunne a jikin akwatin. Muryar miji, muryar mata can ƙasa-ƙasa, ba tsuntsu, ba awarwaro. Ya juya ɗaya kunnen, duk ɗaya. Yana shirin cewa tsokanarsa take yi sai ta zabura ta yi kicin da sauri, ya bi ta don bai gama maganarsa ba.

A bakin ƙofa ya tsaya. Butar shayi ce a kan wuta, irin mai fito in ruwa ya tafasa, shi da kansa ya sayo ta. Tururi na fita ta ɗan bakin da ƙarfinsa, siriri, miƙe. Ya daɗe da yanke hukuncin cewa fiton butar nan ya lalace, har ya yi niyyar sayo wata. Ga shi tsaye taku biyu da ita, ita kuwa matar daga falo ta jiyo, ana tsakiyar wasa.

Ta sauke butar, ta juyo ta gan shi.

"Tana fito?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Ta gane ba butar yake nufi ba. Ta goge hannu a zaninta, ta matso gabansa sosai, ta ɗaga murya kaɗan, tana fitar da kowace kalma. "An daɗe, Malam. Tun kafin auta ta bar gida. Na taɓa ce maka mu je a duba kunnen nan, ka ce ni ce ba na buɗe baki, ka yi kwana biyu kana fushi."

Ya tuna. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"To me ya sa ba kya ɗaga murya? Kika bar ni ina zaton..." Bai iya ƙarasawa ba.

"In ɗaga murya a kanka? Bangon nan ko tari ka yi maƙwabta sun ji. Su ce tsohuwar nan ta fara yi wa mijinta tsawa? Ni kaina in na ɗaga sai in ji kamar rashin kunya nake maka. In na faɗa sau biyu ba ka ji ba, sai in haɗiye abina."

"Maimaita maganar baƙi fa?"

"Don ka ji abin da suka ce, ba tare da sun gane ba ka ji ba."

Kafinta ya dafa ƙofa. Abubuwa suka riƙa zuwar masa ɗaya bayan ɗaya. Kujerarsa da ta matsar ta dawo kusa da tata, ta ce wai don iskar taga. Wayarsa da ta sa auta ta mayar mai girgiza. Yadda kullum ita ke riga shi zuwa buɗe ƙofa, yana ce mata mai son ganin ƙwaƙwaf. Shekara da shekaru matar nan tana rufa masa asiri, a gaban baƙi da masu kawo aiki da surukai, shi kuwa gogan yana zaune yana tuhumarta da gajiya da shi. Ashe ba a gaji da shi ba.

Suka koma falo da shayin. Wasan ya kusa ƙarewa, ba wanda ya san inda aka kwana. Ya ce gobe zai mayar wa Dogo ta ƙarfen ya karɓo 'yar'uwar ta takarda, tunda kunnen da ke aiki ya yanke hukunci.

"A'a," ta ce. "Bar su yadda suke. Sauko da ta ƙarfen kusa da kujerarka, ka juya ta wajenka, ka bar mini tawa a kan kanta. Kowa ya ji da tasa."

"Dogo zai ce an yi auren da bai dace ba."

"Dogo ya zo ya raba, in ya isa."

Ya yi dariya har da hawaye, ya fake da dariyar ya share ido. Ya ce jibi za su je asibitin kunne, ita za ta shiga da shi don ta ji abin da likita zai ce. Sannan ya jawo kujerarsa ya fuskance ta, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Daga yau ki yi mini tsawa," ya ce. "Maƙwabta su ce abin da za su ce, ni na sa ki. Kuma duk abin da kika haɗiye, ki fito da shi. Fara yanzu, ina ji."

Ta yi 'yar dariya, ta sunkuyar da kai tana juya kofin a hannu. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, amma muryar ta fito sarai, har ta fi ƙarfin rediyon.

"Kullum da safe in ka ɗauki jakar kayan aikinka ka juya za ka fita, ina ce maka Allah ya tsare, ya ba da sa'a. Ban taɓa fashi ba. Kai dai sai ka ja ƙofa ka tafi."

Kafinta ya dube ta. Ya ga kansa safiya bayan safiya yana ba ta baya, yana fita da ɗacin rai wai ko sallama ba a yi masa ba.

"Amin," ya ce. Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Amin na yau. Amin na jiya, da na shekaranjiya..."

Ta kama hannunsa mai kaushin nan ta riƙe, shi kuwa bai daina ba, yana ta jera mata amin har shayin ya huce.