'Yan Kwikwiyo a Kwalin Sabulu

Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa a asibiti, ban taɓa ruɗewa ba sai a kan 'yan kwikwiyo huɗu da ko ido ba su buɗe ba.

Uwarsu karyar maigidana ce. Da ita ya yi gadin wata ma'aikata shekara tara, da ya ajiye aiki ya taho da ita gida. Ranar Talata ta haihu a bayan tankin ruwa, ranar Alhamis da hantsi motar kaya ta bi ta kanta a ƙofar gida. Shi kuwa wata biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita ya ja min kunne kada ya ji abin da zai tayar masa da hankali. Sai na sa aka binne ta, na kwashe 'ya'yan a kwalin sabulu na kai sito, na ɓoye masa maganar.

Ni ban taɓa son kare ba, shi ma ya sani. Amma na ƙudurta cewa ranar da zan gaya masa, sai da 'ya'yanta a raye a hannuna, ko ya samu abin da zai riƙe.

Na sayo madarar kwikwiyo da sirinji a shagon maganin dabbobi. Mai shagon ya fara yi min bayani, na katse shi. Ni za a koya wa shayar da jariri? Duk bayan awa biyu sai in dama, in ɗiga a bayan hannu in ji ɗuminta, in kwantar da kowanne a rigingine a kan hannuna, yadda na koya wa ɗaruruwan mata. Suna sha madarar na fitowa ta hanci. Ciki ya kumbura, kuka ya ƙi tsayawa. Ranar Asabar da safe na tarar ƙaraminsu ya mutu.

Ranar nan na kasa zama. In shiga ɗaki in gyara wa maigidana filo, in fito da gudu in leƙa kwali, in koma in tarar na bar tukunya tana ƙonewa. Na ƙara musu tsumma, na rage, na sake ƙarawa. Tsoro nake ji, ga haushin kaina.

Da azahar ina ba shi magani sai ya kawar da cokalin. Maganarsa yanzu a hankali take fita, sai an kasa kunne.

"Nas," haka yake kirana in zai tsokane ni, amma wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Ta mutu ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Su suka gaya min. Kwana biyu suna kuka ta bango. Da tana nan da ta lashe su sun yi barci." Ya numfasa. "Kawo min su."

"Malam, likita ya ce..."

"Kawo su, da ruwan ɗumi da ƙyalle."

Na kawo kwalin na ɗora a gefen gado. Ya leƙa, ya ga uku, bai tambayi ko nawa ta haifa ba. Na ɗauki ɗaya zan nuna masa yadda nake yi, sai ya damƙe hannuna da hannunsa na hagu.

"Haba, Nas! Ba ɗan mutum ba ne. A kife ake ba su, in ba haka ba madara za ta sarƙe shi."

Na kife shi a kan ƙirjinsa, na riƙe sirinjin, shi ya tallafi haɓar da yatsa. Kwikwiyon ya sha yana tura ƙafafu, ko ɗigo bai fito ta hanci ba. Sannan ya ce in jiƙa ƙyallen in riƙa shafa ƙasan cikin a hankali, kamar yadda uwar take yi da harshe, don su da kansu ba sa iya fitsari. Ina shafawa kuwa kwikwiyon ya saki fitsari, har ya jiƙa masa riga, ya yi lamo.

Na yunƙura zan ɗauko wata rigar, ya girgiza kai. Hawaye na bin gefen kunnensa, bai goge ba, don hannun da yake da shi ɗaya yana kan bayan kwikwiyon.

"Bar rigar," in ji shi. "Miƙo na biyun."