Ɗakin da Aka Gyara wa Inna

Da kuɗin sallamarta na koyarwa Malama ta sayi gidan, ciki biyu da falo, tsohon gini amma mai ƙwari. Niyyarta ta gyara ta zuba 'yan haya, ta samu abin riƙe kanta a tsufa. Kuskurenta ɗaya, ta bari maigidanta ya ba ƙaninsa aikin rufin.

Ƙanin nan kafinta ne, irin wanda bakinsa ya fi gudumarsa aiki. Ya cire tsofaffin kwanukan, ya juya su ya mayar, ya toshe ramukan ƙusa da kwalta, ya buga sabon silin fari tas ya rufe ɓarnar. Ruwan farko na damina ya tona masa asiri. Ɗan hayan da dillali ya kawo ya fita da jiƙaƙƙiyar katifa a ka, yana zage-zage har bakin titi.

Malama ta iske kafintan a shagonsa yana goge katako.

"Rufinka yana yoyo."

"Haba matarmu, ko gaisuwa babu? Ba yoyo ba ne, gumi ne. Kwano yana gumi in gari ya yi sanyi."

"Gumin ne ya cika bokiti?"

"Ke da kika ƙare ƙuruciyarki da alli a hannu, ina kika san rufi?"

Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Duk maganar da ta kawo sai ya mayar da ita wasan ƙanin miji, ya bar ta tsaye tana huci. Maigidan kuwa cewa ya yi, "Ki kira wani kafinta, ki nuna wa duniya ƙanina macuci ne? Ba da yawuna ba."

Gidan ya zauna a kulle. Dillali ya daina ɗaga wayarta.

Sai ta tuna da surukarta, Inna, wadda ke zaune a gidan kafintan, jikoki sun hana ta sakat. Ta je ta durƙusa, baki kamar zuma.

"Inna, ga gida can babu kowa. Ki zo ki huta mana. Ɗanki ne ma ya yi rufin da hannunsa."

Kafintan yana ji, amma ba damar ya ce rufinsa na yoyo. Malama da kanta ta shafe tabon silin da fenti, da kanta ta ja gadon tsohuwa ta daidaita shi a ƙarƙashin wurin. Ta san mugunta ce, kuma a lokacin ko a jikinta.

Wata la'asar aka kece da ruwa. Da ya ɗauke, Malama ta garzaya gidan, ta tarar da Inna a takure kan kujera a lungu, zaninta sharkaf, gado ya zama tafki, takardar maganinta ta narke. 'Ya'yanta biyu, maigidan da kafintan, suna tsaye a kanta. Kafintan ya juyo, idonsa jawur.

"Uwarmu kika kwantar a ƙarƙashin ruwa?"

"Wane ruwa?" in ji Malama. "Gumi ne."

Washegari mota ta sauke sababbin kwanuka. Ba wanda ya tambaye ta ko sisi. Kafintan ya yi aiki irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba, yana buga ƙusa kamar kan Malama yake bugawa. Aka sake ruwa, ko ɗigo bai sauka ba.

A ranar Malama ta zo da dillali, ta bar shi a ƙofa, ta shiga da fara'arta.

"Inna, ai jikoki sun yi kewarki."

Tsohuwa ba ta amsa murmushin ba.

"Tun ranar da kika ja gadon nan na ji warin sabon fenti a kaina. Na yi shiru ne in ga iyakarki. Na riƙe ki kamar 'yar da na haifa, ashe bokitin tarar ruwa kika ɗauke ni."

"Inna, ba haka..."

"Rufe min baki. Cewa kika yi in zo in huta, to hutawa zan yi, har ranar da za a fitar da ni a makara. Je ki gaya wa mutumin da ke ƙofa cewa gidan da mai shi."

Malama ta dubi maigidanta. Ya tsuguna yana gyara wa uwarsa matashi, ko ɗago kai bai yi ba. Tun ranar ruwan nan bai sake cin abincinta ba.

Ta ɗaga ido sama. Silin ɗin a bushe yake ƙayau.