Tiyon da ke Wuyan Abarshi

Auta wanzami ya riga ya wasa aska, ya sa an tallabe kan Abarshi, sai ga Andrawus ya faɗo gidan ko sallama babu, da taɓon gona har gwiwa.

"Auta, tsaya! Don girman Allah kar ka taɓa wuyan nan."

Hajjo, mahaifiyar Abarshi, ta ɗago daga bakin ɗaki. "To, ga likitan Gwari ya iso. Kai Andrawus, kurkunu ne. Shafa ka ji, ga shi kwance tun daga haƙarƙari har wuya. Tun ba a haife ka ba nake ganin kurkunu."

"Iya, ba kurkunu ba ne. Tiyon roba ne, likita ya sa."

Darni ɗaya ya raba gidajensu a Tsohon Birnin Gwari. Da cikin Abarshi ya kumbura kamar tulu, idanunsa suka yi ɗorawa, Andrawus ne ya raka shi babban asibiti a Zariya, don shi ya yi karatun manya a coci, yana tsintar Turanci. Likita ya ce hanta ce ta ƙeƙashe, shi ya sa ruwa ke taruwa. Aka zuƙe, ya dawo. Aka sake zuƙewa, ya sake dawowa. Daga nan aka yi masa aiki, aka binne siririn tiyo a ƙarƙashin fata, ya riƙa kwaso ruwan ciki yana juyewa a jijiyar wuya. Iyakar abin da Andrawus ya riƙe ke nan. Likitan ya ƙara wasu maganganu da sauri, yana nuna ƙirjinsa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai.

Auta ya sa ɗan yatsa ya bi abin. "Hajjo, a ƙafa na san kurkunu, ban taɓa ganinsa a wuya ba. Amma kai Andrawus, ruwa ya hau tudu? Wa ke tura shi?"

"Numfashi, in ji likita."

"In ya kai wuyan fa?"

"Sai ya shiga jini."

"Ruwan ciwo a cikin jini? Ka ji daidai kuwa?"

Auta ya mayar da askarsa cikin zabira. "Abin da ban sani ba, ba na tsaga shi."

"To shi ke nan," in ji Hajjo. "In ya tafi da abin nan a jikinsa, kai ka hana, Andrawus."

Ba a jima ba cikin ya sake tasowa. Abarshi ya koma yini barci, hannuwansa na karkarwa, in ya farka ya kira Andrawus da sunan ƙanensa da ya rasu tun zamanin Turawa. Andrawus kan tsaya cak a tsakiyar kunya da fartanya a hannu, yana laluben maganar likita. Cewa ya yi a dawo in ya kumbura, ko cewa ya yi kumburin farko ba komai? A ɗaure cikin da zane, ko a sassauta? Duk wadda ya tuna, sai ya ji kamar ita aka faɗa. Ya je tasha neman mota, aka ce ruwa ya cinye gada a cikin daji, manyan motoci sun yi layi, ba ranar wucewa.

Wata rana da hantsi ya leƙa, ya tarar Abarshi ya dawo hayyacinsa.

"Bagwari, dawata ta fid da kai?"

"Ta fid da kai, Malam. Ta fi tawa."

"Dama ta saba." Ya kai hannu wuyansa. "Wai ina ruwan nan yake zuwa ne?"

"Nan. Wuya."

"Ikon Allah. Ruwa har wuya, ni kuwa ƙishi nake ji."

Andrawus ya ɗebo a ludayi ya ba shi. Ya kurɓa, rabi ya bi gemu. Kafin azahar ya cika.

Ana wanka a ciki, Andrawus na zaune a ƙofar zaure da hularsa a hannu, sai Auta ya fito, hannuwansa a jiƙe.

"Wai tiyon nan na asibiti ne, za su neme shi? Ko nasa ne?"

Duk mazauna tabarma suka juyo suna duban Andrawus.

"Likita bai faɗa ba," in ji Andrawus. "Ko ya faɗa, ban ji ba."

Daga ciki liman ya ce ba a tsaga mamaci, a bar masa abinsa. A bayan darni Hajjo ta fasa kuka.

Andrawus ya ɗauki diga ya bi masu haƙa zuwa maƙabarta. Ƙasa ta sha damina, suna kaiwa ƙugu ruwa ya fara tsattsafowa daga gindin ramin. Ya karɓi ƙwarya ya shiga. Ya kwashe, ya taru. Ya sake kwashewa. Yana sunkuye har makara ta ɓullo ta tsakanin karan dawa.