Ƙudan da Mahasin Ta Ɗaura wa Dakta

Duk unguwar Ard al-Liwa ta birnin Alƙahira babu mai ja da Mahasin a ɗinkin hula. Shekara tara tana zaune bakin tagar ɗakinta a hawa na huɗu, allura a hannu, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Ɗalibai 'yan Kano da Sakkwato har layi suke yi mata kafin Sallah. Idan aka yabe ta sai ta ce baiwar Allah ce, amma daga yadda take gyara laffayarta tana faɗin haka, ka san ta ɗauki nata kason yabon.

A kakar 2013 Dalia ta hau matakalar nan ta zo mata da damuwa. Dalia 'yar Dakta Tarig ce, Bahaushen Sudan mutumin Wad Madani, wanda ya yi ritaya yana zaune a unguwar Dokki. Shi ya tsaya kan ciwon ƙirjin Hamad, mijin Mahasin, lokacin da suka iso Alƙahira ba su san kowa ba, har Hamad ya miƙe. Saboda haka in dai sunan Dakta ne, Mahasin ba ta jiran a gama magana.

Dakta ya yi karatun likita a Bosniya yana saurayi, kuma can ya kwaso wani irin kamun kifi da ba a taɓa ji ba a garinsu. Babu tana, babu koma. Ƙugiya ce ƙarama ake yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta kan ruwan rafi a cikin duwatsu, wani kifi mai ɗigo-ɗigo ja da ake kira taraut ya taso ya cafke. Ƙuda yake kiran abin. Shekara arba'in kusan duk kaka sai ya koma, da ƙudajen da ya ɗaura da hannunsa. Bana hannun ya fara rawa. Tun azumi bai fita ba, ya ce tafiya kuma an fasa, don shi ba ya jefa ƙudan kanti. Saura kwana tara jirgin da aka yankar masa tikiti ya tashi. Dalia ta faɗa mata tsoronta ƙarara: in Baba bai tashi saboda rafin nan ba, babu abin da zai sake tayar da shi daga kujera. Ta roƙe ta ta ɗaura masa ƙudajen.

Mahasin ta karɓi ƙugiyoyin da hoto guda, ta ce a ba ta kwana biyu. A ranta har dariya ta yi. Wadda ta ɗinka hula mai zare kala bakwai, ita za a ce ta yi ƙuda?

Ta zage ta yi aiki. Ta zaɓi zaren siliki ja da ruwan gwal da shuɗi, ta samo gashin zakara mai ƙyalli. Na hoton ya yi mata rama, ta ga bai dace a kai wa babban mutum abu kamar na marowaci ba, sai ta ƙara wa kowanne jiki. Da ta gama goma sha biyu, ta yi abin da kowace mace ta gari a Sudan take yi kafin ta ba da kyauta: ta hura kasko, ta zuba turaren wuta, ta turara su sosai, ta ɗiga musu humra, ta jera a gwangwanin alewa.

Ta samu Dakta a falo, ya rame, bargo a gwiwa duk da ba a fara sanyi ba. Suka gaisa, ya tambayi Hamad. Da ya buɗe gwangwanin ƙamshi ya cika ɗakin. Ya daɗe yana kallo, sannan kafaɗunsa suka fara girgiza, Dalia ta ɗauka ciwon ne, ashe dariya yake yi, irin wadda rabonsa da ita tun kafin azumi.

“Ya bitti, 'yata,” ya ce, “amarya za mu kai wa kifin?”

Ya sa aka kawo ruwa a roba, ya ce ta jefa ɗaya. Ƙudan ya faɗa da ƙara, ya nutse, man humra ya bazu a saman ruwan. Kunya ta kama Mahasin har cikin ƙashi. Karo na farko ke nan da aka dawo mata da aiki, kuma a gaban wanda ta fi so ta burge.

Amma Dakta bai bar ta da kunyar ba. Ya gyara zama ya shiga ba ta labarin rafin. Ya ce a kaka ruwa yakan ja baya ya yi ƙasa, ya yi garau har kana iya ƙirga tsakuwar gindinsa. Kifin ya sha jifa duk bazara, ya yi wayo. Yana kwance a inuwar dutse, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, don haka ta bayansa ake zuwa, daga gangare, a durƙushe. Inuwarka ta taɓa ruwa, ya tafi. Ka taka tsakuwa da ƙarfi, ya tafi. Zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura ƙudan a kai, sai ya yi siriri kamar gashin kai, kuma ƙudan sai ya sauka ba tare da ruwa ya sani ba. Ƙwarin kaka ƙanana ne, masu launin toka, babu mai kwalliya a cikinsu. Yana magana hannunsa na dama ya tashi yana lilo a iska, baya, gaba, kuma Mahasin ta lura cewa a cikin wannan lilon rawar hannun kusan ɓacewa take yi. Abin ya burge ta ƙwarai. Ba ta taɓa ganin mutum ya girmama kifi haka ba.

Da ya gama sai hannun ya koma kan bargo. Ya ce mata ma'alish, ba komai, kada ta wahalar da kanta, aikin shekaru ne, ba na kwana bakwai ba. Ta ce to. Amma ƙugiyoyin da suka rage ba ta bar su a teburin ba.

Washegari da la'asar ta tsaya bakin Nilu wajen Dokki, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta zura wa ƙwari ido. Ta ga yadda suke sauka kan ruwa, ƙafafu kawai ke taɓawa. Ta tuna mahaifinta a garinsu Mai Wurno, can Sudan, idan kogi ya janye bayan damina, yadda yakan hana su tsayawa ta gefen rana don kada inuwarsu ta kori kifi. Ashe ta san rabin karatun tun tana yarinya, ɗinkin hula ne ya sa ta manta.

Daga nan ta wuce wajen Awadiyya mai sayar da kaji da agwagi a kasuwar unguwarsu, ta roƙi gashin nan mai laushi na gindin agwagwa. Duk macen da ta taɓa fige agwagwa ta san shi, shi ne wanda ruwa ba ya kama shi. Awadiyya ta ba ta cike da hannu tana tambaya ko magani za a haɗa.

Kwana huɗu tana fama. Wahalar ba ta ɗaurin ba ce, ta hana hannunta ƙari ce. Duk ƙudan da ta gama sai ta ji ya yi tsirara, yatsunta su nufi jan zare, ta janye su. Ta wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ta fitar da kaskon turare daga ɗakin, har Hamad ya tambaya ko an yi rasuwa ne. Ta lalata sun fi ashirin. A ƙarshe ta tsira da guda shida, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, masu launin toka, munana a idonta. Ta naɗe su a farar takarda ta kai, ba ta ko so ta kalle su.

Dakta ya sa tabarau. Bai yi dariya ba. Ya ce a kawo robar ruwan, ya ɗora guda a tafin hannunsa mai rawa, ya hure shi. Ƙudan ya tashi, ya yi jinkiri a iska, ya sauka kan ruwa ya tsaya cak a kan gashinsa. Ruwan ko motsi bai yi ba. Su uku suka bi shi da kallo yana yawo a hankali zuwa bakin robar.

“Wa ya koya miki gashin agwagwa?” ya tambaya.

“Girki, Baba Dakta.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki na biyu ya juya shi a haske, ya ce shekara arba'in yana ɗaurawa, bai taɓa iya barin zare kaɗan haka ba. Mahasin ta kai hannu za ta gyara laffaya, sai ta ji hawaye ya riga ta. An yabi hulunanta sau dubu, babu yabon da ya shige ta kamar na wannan mummunan abu.

Dakta ya ture bargon daga gwiwarsa, ya dafa hannun kujera. Dalia ta matso za ta kama shi, ya ɗaga mata hannu. Sai da ya gwada sau biyu kafin ya miƙe.

“Dalia,” ya ce, “dogayen takalman nan nawa na shiga ruwa, suna saman kabad. Sauko da su mu gani ko ɓera ya bar mini wani abu.”