Na Baya Na Ƙirga Ne

"Na gaba na koyarwa ne, na baya kuma na ƙirga." Malam Dogo ne ya faɗa wa sabuwar malama a bakin ofis, ina wucewa da kwalin alli. Suka yi dariya. Maganar ta ƙi fita kunnena.

Ni ba malama ba ce. Sakandare na gama, aka ɗauke ni in riƙa taya Malam Dogo a aji uku: goge allo, raba faɗa, raka mai jin fitsari. Tun da gwamnati ta ce karatu kyauta ne, kuma kason kuɗin kowace makaranta gwargwadon yawan yaranta, hedimasta ya daina mayar da kowa. Yara suka ƙaru, ɗaki bai ƙaru ba. An ce kuɗin gini na hanya. Bencin mutum uku ya koma na shida, sauran a ƙasa har jikin bangon baya, inda ba a ganin komai sai ƙeyar na gaba.

Malam Dogo ba mugu ba ne. Kafin azahar muryarsa ta dushe, sai kurɓar ruwan ɗumi. Tsarinsa shi ne, wanda ya amsa tambaya da ƙarfi ya dawo gaba, tunda muryar mutum ɗaya ba ta kaiwa bango.

'Yar yayata na ajin. Ɗigo muke ce mata saboda ƙanƙanta. Halina ta ɗauko kaf, ko taka ta aka yi ba ta magana. A jikin bango take zama, ƙarƙashin tagar da ba ta rufuwa. In aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, ita ma tana motsa leɓe, amma na lura sai na kusa da ita ya faɗa take bi.

A gida Yaya tana kan keken ɗinki tana yi wa masu kawo ɗinki alfahari, wai 'yarta likita za ta zama, ai ƙanwar uwarta na cikin ajin, me zai gagara? Ni sai in sunkuya in yi ta tsince zare.

Ana nan aka sami gurbi a bencin gaba, iyayen wani yaro sun tashi daga unguwa. Malam ya rubuta layi ɗaya a allo, ya ce wanda ya karanta wurin nasa ne. Ɗigo ta ɗago ta kalle ni. Na juya na kama goge gefen allon da babu komai a kai. Wani mai bakin ganga ya karanta rabi, ya haye benci.

Ƙarshen shekara hedimasta ya ce kowa ya wuce aji huɗu, ba mai maimaitawa, sababbi na tafe kuma ɗakin suke jira. Yara suka fita da ihu. Ɗigo ta tsaya bakin ƙofa tana jirana, takalminta a hannu.

Malam Dogo na kaɗe alli daga rigarsa. Ya ce, "Ƙanwata, yau ma ba za ki ce komai ba?"

Na waiga wajen Ɗigo. Na nuna ta da haɓa.

"Malam, waccan 'yar yayata ce. Ita ma ta ƙirga ce?"