Ƙoƙon Gwiwar Milka

Tun da aka binne Kaleb a bayan ɗaki, can Fadan Kaje, matarsa Milka ba ta taɓa fashin gaishe shi ba. Kullum da safe sai ta durƙusa a bakin kabarin, ta cire ciyawa, ta ba shi labarin cittar bana da na wanda ya mutu. Da wa za ta yi hira? 'Ya'ya sun watse, gidan ya yi mata girma.

A daminar 1996 gwiwarta ta dama ta ce ta gaji. 'Yarta Hellen, mai aikin jinya a Legas, ta zo ta kwashe ta sai asibiti a can Legas ɗin. Likita ya ce gaɓar ta cinye, sai an sa ta ƙarfe. Saura ƙoƙon gwiwar: a bar shi yadda yake, ko a kankare bayansa a liƙa roba? Suka yi ta yi da Turanci shi da Hellen, mai gwiwar na zaune kamar buhun masara.

"Ni tambaya na ɗaya ne," in ji Milka. "Zan iya durƙusa?"

Hellen ta fassara. Likita ya ce ko an kankare ko an bari, da wuya.

 Milka ta ce, "To ku kankare. Amma ƙashi na da kun cire, a ba ni kaya na. A wurin mu ba a binne mutum rabi a Legas, rabi a gida."

"Haba Mama, abin kunya!"

"Kunyan ki ne. Faɗa mishi."

Bayan aikin aka ba ta ƙashin a 'yar kwalba. Da ta warke Hellen ta rako ta gida, ta kwana biyu ta juya.

Washegari Milka ta dogara sanda zuwa bayan ɗaki. Ciyawa ta rufe kabarin. Ta gwada lanƙwasa ƙafar, ƙarfe ya ƙi. A tsaye ta tona rami da bakin sanda, daidai wurin da aka ware mata kusa da shi, ta saki kwalbar, ta tura ƙasa da ƙafa.

"Baban Hellen, ka yi haƙuri, yau a tsaye na gaishe ka," ta ce. "Ga gwiwan nan na kawo maka, shi ne ya saba. Ka riƙe mini kafin in zo."